Agogon da Ban Kai wa Sanda Ba

Zuwa ga Dije,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya yalwata miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko lokacin da kike raye ma ba ke ke karantawa ba, miƙo mini kike yi ki ce in karanta, kuma kada in cusa miki faransanci a ciki. To ga ta da Hausa, iyakar iyawata. Da samarin masallacin bayan gidanmu za su leƙo su tarar ina rubuta wa mamaciya wasiƙa, da sun sami abin wa'azi har ƙarshen wata. Su yi ta yi. Ba ni da wanda zan fara gaya wa maganar nan sai ke, ga shi jibi da hantsi 'yarmu Balki za ta sauka a tasha.

Bari in fara da labarin gida, tun da haka kike so a fara. Damina ta yi dama-dama. Ruwa ya ɗauke mana a tsakiya har hatsi ya fara naɗe ganye, sannan ya dawo. Mun sami rabin rumbu. 'Yan'uwanki na Lugu sun aiko da wake da gaisuwa, ban rama musu da komai ba tukuna. Dogon yaron da kika dasa a bakin ƙofa, wanda na ce ba zai yi ba, saiwarsa ta tsaga katanga. Gwiwata ta hagu tana nan yadda kika bar ta, ta dama ma ta fara. Waɗanda na koya wa riƙe alƙalami suna wucewa cikin motoci masu baƙin gilashi, wasu su ɗaga hannu, yawanci ba sa ɗagawa. Shekara talatin da biyar ina haɗiyar ƙurar alli, abin da gwamnati ke ba ni ba ya kai ni ƙarshen wata. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinki.

Ina ta kewaye-kewaye. Dije, na sayar da shanun.

Duka na sayar, shanu huɗu da karsana da maraƙi. Jar nan mai karyayyen ƙaho da kike ce wa Hajiya, ita ma ta tafi. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan, kuma Balki ba ta sani ba. Duk sanda ta kira waya ta tambaye su, sai in ce suna nan lafiya. Nakan gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tun da suna nan lafiya ɗin. A hannun wasu ne kawai.

Kin san yadda aka same su, amma zan rubuta, don ban taɓa faɗa da bakina ba. Gyaɗa kika soya, kika matse mai da hannunki har yatsunki suka kanannaɗe. Mai ya zama akuya, akuya ta zama tunkiya, tumaki suka zama karsana, kika kai ta Sukukutane kika damƙa wa Bello Bafillace ya riƙe miki cikin garkensa. Ni kuwa a gaban abokan aikina ina kiran abin bankin jahilai, suna dariya, kina kawo mana ruwan sha kina ji. Shekarar da aka karya darajar sefa, da albashina ya wayi gari ba ya sayen rabin abin da yake saye, bajimin bankin jahilan nan aka kai kasuwa muka ci tuwo. Na ci, na wanke hannu, na koma lakwal na ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Ban ce miki komai ba. Kin jira in ce wani abu? Ko tun lokacin kin daina jira?

Ranar da kike kwance a likita, a gaban ƙanenki, kika ce shanun na yarinyar nan ne. Ko a ranar ba ki kama sunanta ba, 'yar fari ce. Kika ce in riƙe mata amana har ranar da za ta buƙace su. Na ce miki dakor, ko amsawar ma da faransanci, kamar mai sa hannu a takardar ofis.

Ina so ki san ba don in ci na sayar ba. Bayan rasuwarki dajin arewa ya lalace. Masu bindiga suna zuwa a kan babura su kore garke sukutum, wani lokaci har da makiyayin. Kowace safiya sai ka ji an kwashe na wane, an kwashe na wane. Sai na ga kamar kullum shanunki ne na gaba. Bello ya zo har gida, ya zauna a tabarmar nan, ya ce zai gangara da garken kudu wajen Tibiri inda danginsa suke, in bar masa su, kada in sayar. Na dube shi, mutumin da bai san harafi ɗaya ba, na ce masa ni ina sauraren labarun duniya, na san inda ƙasar nan ta dosa. Bai yi musu ba. Shi ya koro su kasuwa da kansa, ya tsaya nesa har aka gama ciniki, ya ƙi karɓar ko kuɗin goro.

Da kuɗin suka shigo hannuna sai wani tsoron ya taso. Takarda ce. Na taɓa ganin takarda ta zama rabinta tsakanin jiya da yau, ga shi ana ta raɗe-raɗin za a canja kuɗin ma gaba ɗaya. Banki kuma, kin san ra'ayina game da duk wurin da mai kwat ke zaune bayan gilashi. Ina cikin wannan hali Isufu ya zo hutu daga Faransa. Kin tuna shi, ɗan mai gyaran keke, wanda nake ba ki labarin ya fi kowa lissafi a aji. Shi kaɗai ne cikinsu yake zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Muna hira ya dubi hannuna, ya ce tsofaffin agogo irin na da, masu wani da hannu, waɗanda ba sa cin pil, wato batir, yanzu ana nemansu a can. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotuna, da kuɗin da aka rubuta ƙarƙashin kowane. Dije, akwai wanda kuɗinsa zai sayi unguwarmu. Isufu hira kawai yake yi. Bai ce in saya ba. Yanzu da nake tunawa, har ya ce waɗannan na manyan masu kuɗi ne, ba irin namu ba. Na ji kashin farko na maganar, na bar sauran.

Wata guda na yi ina karatu a waya, da tabarau biyu a hanci. Rabon da in ji kaina yana aiki haka tun ina shirya yara jarrabawar sartifika. Na ce ga dukiyar da ba ta cin ciyawa, ba ta kamuwa da ciwon huhu, mai bindiga ba zai kore ta ba, gwamnati ba za ta karya ta ba. Manyan na Suwis sun fi ƙarfina, amma ƙananan, na Japan da na Rasha da ƙananan na Suwis ɗin, irin waɗanda malaman lakwal da tsofaffin soja da alhazai da 'yan ci-rani suka shigo da su ƙasar nan shekaru aru-aru, suna nan zube cikin kwalla da ƙarƙashin gado, ba wanda ya san darajarsu sai ni. Na ce in manya sun tashi, ƙanana za su bi su. A ina na samo wannan? Ba wanda ya rubuta haka. Ni na ƙara da kaina, kuma na yarda da shi don ni na faɗa.

Haka na shiga yawo. Kore Mairuwa, Tibiri, ƙauyukan da na taɓa koyarwa, duk inda na san wani ma'aikaci ya mutu ya bar mata. Sai in je da sunan gaisuwa. A kawo mini fura, a tuna mamaci, sannan in kawo zancen agogonsa. Matar marigayi Mushe Garba, mai laƙabin nan na faransanci da ake kiran mu malaman lakwal da shi, wanda muka yi aiki tare shekara tara, ta ciro nasa daga cikin tsumma, ta ce ita ba ta san ana sayar da irin wannan ba, in ɗauka kawai. Na ce a'a, na ba ta kuɗi. Na fito ina jin daɗin na yi adalci, alhali a zuciyata na riga na ninka kuɗin sau goma. Ina ganin cutarsu nake yi, kuma hakan bai hana ni ba. Yau na san ba su na cuta ba, amma niyyar tana nan rubuce a inda ake rubutawa. Kafin wata shida sunana ya koma Mushe mai agogo. Dillalai suka gane, suka riƙa tare ni a tasha da agogo a aljihu, farashi ya hau, ni kuwa ina ganin hawan farashin shaida ce cewa lissafina daidai ne. Ni kaɗai ne mai sayen, Dije. Ni nake hawar da shi a kaina.

Arba'in da uku na tara. Na jera su cikin akwatin ƙarfen nan da nake ajiye takardun jarrabawa. Kowace safiya bayan na karya sai in wana waɗanda ke tafiya, ɗaya bayan ɗaya. In ka shiga ɗakin sai ka ji akwatin yana ƙas-ƙas kamar gara na cin azara. Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi ta ji, ta fita da baya, ta je ta ce tun da kika rasu doguwar gidanku ta Lugu, aljanar nan, ta tare a ɗakina. Da kina nan da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ni ma na yi, a lokacin.

Yanzu ga inda na kashe kaina. Kin san yadda muke kai kaya kasuwa. Rago ana wanke shi da sabulu kafin salla. Keke ana yi masa fenti. Ke kanki ba ki taɓa kai kwalbar mai kasuwa ba sai kin goge ta tana ƙyalli. Wa zai ɗauki kaya da dattinsa ya nuna wa mai saye, balle nasara mutumin Turai? Na dubi agogon nan, wasu fuskarsu ta yi ja, wasu ta yi tabo-tabo, gilashi duk zane, lambobi sun dushe. Na ji kunya a madadinsu. A cikin abin da na karanta na ga inda aka ce a bar su yadda suke. Na gani da idona, har sau biyu. Na ce wannan iyayin marubuta ne, mutanen da ba su taɓa sayar da ko kaza ba.

Na kwashe su na kai wa Sanda, mai gyaran agogon nan na bakin kasuwa. Tun da waya ta zo ba mai kawo masa aiki, ya koma sayar da pil da gyaran tocila. Da ya ga akwatin sai da ya cire hula. Na ce ina so kowane ya koma kamar yau aka fito da shi daga kanti. Ya aika Kano aka kawo sababbin fuskoki farare tas, da hannaye, da gilasai. Ya zauna wata biyu yana cirewa yana sawa, yana goge jikinsu da takarda mai yashi da man goge ƙarfe, har duk wani kaifi da ke gefensu ya mulmule. Ragowar kuɗin maraƙi can ta tafi.

Akwai guda biyu da Sanda ya ware gefe. Ɗaya na wani tsohon soja ne, ɗaya kuma na Mushe Garba. Ya ce shekara talatin yana buɗe agogo bai taɓa ganin irin cikinsu ba, fuskarsu kuma ba fenti ba ce irin ta sauran, hannunsa ba ya son taɓa su, ko za a bar su haka. Kin san abin da na yi? Na amsa masa da faransanci. Na san ba ya ji. Na yi ne don ya tuna wane ne ya yi lakwal a cikinmu. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki abin aikinsa. Da ya gama ya tara tsofaffin fuskokin cikin gwangwanin tumatir ya tambaye ni ko in tafi da su. Na ce me zan yi da shara? Sun bi juji, an ƙone.

Ranar da na karɓo su na shimfiɗa farin zanenki a tsakar gida na jera su a rana. Suna ta walƙiya. Na ce da Dije na nan da ta ga abin da ilimi ke yi. Na ɗauki kowane a tafin hannuna na yi masa hoto, gaba da baya, na tura wa Isufu, na ce ya nemo mini masu saye. Bayan kwana biyu ya ce zai nuna wa wani tsoho da ya sani, wanda sana'arsa ke nan tun yana saurayi.

Mako uku ina jira. Cikin makon na biyu Balki ta kira. Tun da mijinta ya rasu kin san zaman Yamai ya yi mata nauyi, ga kuɗin haya, ga yara uku, ɗinkin ba ya kawo abin kirki. Ta ce ta yanke shawara za ta dawo Dutsi. Filin nan na jikin katangarmu na sayarwa ne, ta yi magana da mai shi, ya ce zai jira ta har ƙarshen wata. Za ta sayar da shanu uku ta saya ta yi ɗaki biyu, ta bar Hajiya da karsana su ci gaba da haihuwa. Ta ce ba ta son ina zaune ni kaɗai ina dafa wa kaina shinkafa tana ƙonewa. Muryarta irin taki ce in kin gama shirya abu a zuci sannan kike faɗa. Na ce mata Allah ya kawo ta lafiya. Na ajiye wayar.

Amsar Isufu ta zo ran Litinin, saƙon murya, minti shida. Na saurare shi ya fi sau ashirin, har na haddace inda yake tsayawa ya yi gyaran murya don kunyata. Tsohon ya ce irin waɗannan agogo an ƙera su ne da yawa ƙwarai don talakawan duniya, kuma har yau suna nan da yawa. A can ana zuba su a tebur ranar Lahadi, kuɗin ɗaya bai wuce na abincin rana ba. Ya ce masu sayensu don sha'awa suke saye, su ɗaura su ji daɗi, ba wanda ke ajiye su don riba, domin kuɗin gyaran ɗaya yakan fi kuɗinsa. In ka haɗa da kuɗin aikawa da na duwan, wato kwastan, kai za ka cika. Wannan fa ko da an bar su yadda suke ne. Nawa kuwa, da sabuwar fuska da gogaggen jiki, ya ce ko kyauta ba zai sa su a teburinsa ba, don za a ce yana sayar da jabu.

Sannan Isufu ya ce tsohon ya daɗe yana kallon hoton guda biyu. Ya gane su daga murfin baya. Ya tambaya ko tsofaffin fuskokin suna nan. Ya ce da ba a taɓa su ba, kowane ɗaya zai yi kuɗin saniya biyu. Biyun da Sanda ya ware ne. Shanunki huɗu, Dije, na riƙe su a hannuna, na biya kuɗi aka kankare su, na ce a zuba a juji. Tun ran Litinin ban bi ta bakin kasuwa ba. Da wane ido zan dubi Sanda?

Saura magana ɗaya a saƙon, ita ce ta sa na ɗauko takarda. Da nake ɗaukar hotunan, agogon da ke ɗaure a hannuna ya riƙa fitowa a gefe. Tsohon ya ce a tambaye ni wannan fa, na sayarwa ne? Ya ce fuskarsa ta ƙone da rana daidai wa daida, ta koma kalar zuma, kuma da gani ba wanda ya taɓa canja masa komai. Ba wani babban agogo ba ne, amma irinsa a wannan kama ba ya samuwa. Ya yi tayi. Na lissafa, zai sayi karsana ɗaya mai kyau.

Naki ne. Wanda kika saya mini shekarar da aka ba ni darektan lakwal a Kore Mairuwa. Kin ji ana cewa darekta ba ya zama ba agogo, kika tara kuɗin mai fiye da shekara, kika saya a hannun wani da ya dawo daga Kumasi. Na hannu ne, sabo ya fi ƙarfinki. Kika naɗe shi a ganyen takardar siminti kika ajiye mini kusa da kwanon tuwo. Na buɗe, na juya shi, na ce enspekta mai duba lakwal na Suwis yake ɗaurawa, wannan na Japan ne, kuma wani ya riga ya sha shi. Abin da na ce ke nan. Kika ɗauke kwanon wanke hannu kika fita. Shekara arba'in da ɗoriya yana hannuna, bai taɓa sa ni makara ba, kuma ban taɓa ce miki na gode ba. Zanen da ke gilashinsa na ranar da Balki ta yi ƙyanda ne, da muka ɗauke ta a mobilet, ɗan babur ɗin nan, zuwa likitar Tibiri, yashi ya kayar da mu, kika tashi da ita a hannu ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kullum sai kin tambaye ni ƙarfe nawa, ke da kike sanin lokaci da inuwar katanga fiye da kowane agogo. Ina amsawa da ƙosawa. Sai bayan da kika tafi, da ba mai tambaya, na gane so kike ki ga na ɗaga hannu na dube shi.

Zan so in ce miki don ƙauna na hana Sanda taɓa shi. Ba haka ba ne, kuma ba zan yi miki ƙarya a kabari ba. Ina buƙatar abin duba lokaci sanda sauran ke wurin gyara. Kuma da na zo lissafin kuɗin sababbin fuskoki, na dube shi na ce wannan bai cancanci a kashe masa ko dala ba. Rainin da na yi masa tun ranar farko shi ya tsirar da shi.

Ƙanen Isufu zai tashi zuwa can ranar Asabar, zai bar Dutsi jibi da yamma. In zan sayar, sai in damƙa masa kafin la'asar. Balki kuma da hantsi za ta iso. Tun ran Litinin nake juya abin. Na shirya wata magana, har na gwada faɗinta da ƙarfi a tsakar gida. Zan ce masu bindiga sun kore shanun, ɗaya ta tsira, in sayi karsana da kuɗin agogon in ɗaure mata a ƙofar gida. Wa zai yi musu? Kowa ya san halin da ake ciki. Amma garken Bello yana nan kudu, ko akuya bai rasa ba. Na ji ma Hajiya ta haihu a gidan wanda ya saye ta, mace ta haifa. In na faɗi wannan ƙarya, Balki za ta je yi wa Bello jaje, shi kuma na san shi, ba zai tona ni ba. Zai sunkuyar da kai ya karɓa, a riƙa cewa a hannunsa dukiyar marainiya ta salwanta. Mutumin da ya riƙe miki amana shekara talatin. Na riga na sa Sanda ya sunkuyar da kai. Mutum nawa zan sa su sunkuya don in ci gaba da zama Mushe?

Tsoro nake ji, Dije. Ba faɗanta nake tsoro ba, da za ta yi faɗa da na samu sauƙi. Ina tsoron ta yi irin naki, ta saurare ni har ƙarshe, ta ɗauke kwano ta fita. Ina tsoron ta kwana biyu, ta share mini ɗaki, ta wanke mini kaya, ta koma Yamai, filin ya tafi hannun wani, yaran su girma suna gaishe ni ta waya da salla. Karsana ɗaya ba ta sayen fili. Rabin rumbun hatsi da gonar bayan dutse, in na haɗa duka, ban sani ba ko za su kai, kuma in na sayar da gonar me za su ci in sun zo? Na yi lissafin a bayan takardar nan sau huɗu, kowane da amsarsa. Ni da nake dukan yara a kan lissafi. Ke da za ki san abin yi. Da kin aika a kira mai filin, kin ba shi fura, kin yi masa magana a hankali har ya ƙara wata uku bai san ya ƙara ba. Ni ban iya roƙo ba. A wannan shekaru zan koya?

Ga abin da na tsayar. Ba zan ba ƙanen Isufu agogon da hannuna ba, kuma ba zan hana ba. Ba nawa ba ne. Da man gyaɗarki aka saye shi, kamar yadda aka sayi shanun, kuma shi kaɗai ya rage daga cikin abin da hannunki ya tara. In Balki ta huta ta sha ruwa, zan ɗauko akwatin in buɗe mata, in faɗa mata duka, har da Bello, har da Sanda, har da gwangwanin tumatir. Da Hausa zan faɗa. Sannan in ajiye mata naki a gabanta. In ta ce a sayar, a sayar. In ta ce a bari, a bari. Bayan nan in tana so in raka ta wurin mai filin in durƙusa, zan durƙusa, ko da gwiwoyin nan za su ƙi tashi.

Na kwance shi yanzu, bayan sallar la'asar. Inda yake zama a hannuna fatar ta yi fari, kamar ba jikina ba. Na wana shi har ya cika, na sa shi cikin ƙaramar kwallarki mai furanni, na rufe. In an cika shi yana yin kwana biyu ba kaɗan, kin ga zai kai jibi wajen azahar. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake wana shi ba, kuma kafin ya tsaya Balki za ta ji komai daga bakina. Na san halina. In ban sa wa kaina lokaci ba, zan fara mata da labarin damina da dogon yaro, kamar yadda na fara miki.

Sau biyu ke nan ina ɗaga hannu in duba tun da na fara wannan shafi. Daga nan inda nake zaune ina jin sa cikin kwallar.

Na gode da agogon, Dije. Yana tafiya daidai.

Allah ya jiƙan ki, ya sa in na zo ki yarda ki dube ni. Sai mun sadu.

Mijinki,
wanda kika kira Mushe har ranar ƙarshe,
Abdu